Baƙin Inna Rifkatu

Rifkatu mutuniyar Zuru ce, amma ta daɗe a Sakkwato har in ta je gida biki 'yan'uwanta sukan yi mata dariya, wai bakinta ya juye. Mijinta, marigayi Ayuba, soja ne. Da ya bar aiki ya sayi fili a Gidan Dare, ya gina ɗakuna huɗu suka zauna. Ita kuma ta yi aikin unguwarzoma a asibitin gwamnati har ta yi ritaya. Yanzu 'ya'yan duk sun watse, wannan na Kaduna, wancan na Abuja, sun bar ta da kajinta da bishiyar lemun tsami guda, sai maƙwabciyarta Hajiya Dijatu, matar Malam Junaidu limamin unguwa. Katanga ce kawai ta raba gidajen biyu, kuma ta kanta suke miƙa wa juna gishiri da daddawa da labarin gari.

A cocinsu na Katolika ita ce shugabar ƙungiyar agaji. Fada Istifanus, limamin cocin, yakan ce ba don ta fi kowa ibada aka zaɓe ta ba, sai don ba ta jin nauyin roƙo. In an tashi sujada ranar Lahadi, sai ta tsaya a bakin ƙofa da buhu a buɗe, ba mai wuce ta bai sha tambaya ba. Wannan ya kawo mudun gero, waccan ta kawo sabulu, mai shagon magani ya ba da maganin zazzaɓi, tela ya ba da ragowar yadi. Ranar Asabar su loda kayan a keke mai ƙafa uku su nufi bayan Mabera, inda kangayen da ba a gama ginawa ba suka cika da mutanen ƙauye tun da 'yan bindiga suka matsa wa gabashin jihar.

A wata Asabar ta farkon damina ta tarar da sababbin fuskoki a kangon ƙarshe. Wani tsoho ne zaune a kan bulo, yana warware tsohon buhu yana tufka igiya da zarensa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye ƙullin hatsi a gabansa.

Tsohon ya dubi ƙullin, ya dubi ƙaramin gicciyen da ke wuyanta.

"Baiwar Allah, daga ina wanga?"

"Daga coci, Baba."

"Allah shi saka da alheri. Ki ba na gaba. Mu mun ƙoshi."

Rifkatu ba ta yi musu ba. Ta sha jin irin wannan, kuma ta san wanda ya rasa gida da gona, abin da ya rage masa shi ne ya iya cewa a'a. Ta miƙa ƙullin ga matar da ke bayanta. Har za ta miƙe, sai idonta ya faɗa kan wata yarinya da ke jingine da bango a can ciki, ga ciki ya tsufa, ƙafafu sun kumbura kamar an hura su.

"Hatsin na coci ne," ta ce wa tsohon, "amma idona nawa ne. Unguwarzoma ce ni. Ka bari in duba ta?"

Ya janye ƙafarsa ya ba ta hanya.

Sunan yarinyar Sakinatu, matar ɗan tsohon ce. Rifkatu ta ja fatar idonta ƙasa, ta ga fari fat, babu jini. Ta danna ƙafar da yatsa, gurbin ya daɗe bai ciko ba. Ranar Litinin ta dawo ita kaɗai a kan kabu-kabu, riƙe da kular faten wake da zogale, da ƙwayoyin ƙarin jini a ƙulle a bakin zane.

"Wanga hwa?" in ji tsohon.

"Daga tukunyata. Waken ma na gonar ƙanena ne a Zuru."

Ya sa hannu ya ci, ya ci sosai. Da ya sha ruwa ya goge baki sai ya gaya mata sunansa Illo, daga Tungar Maje, can wajen Sabon Birni. Shinkafa suke nomawa a fadama, gero a tudu. Ranar da aka shigo musu, ɗansa yana gona da shanun huɗa. Shi da Sakinatu suka bi ayarin da ya yo yamma, waɗanda ke gona kuwa an ce sun yi arewa, wajen iyakar Nijar. Tun ranar ba su ji ɗuriyarsa ba. Ya faɗi wannan yana kallon igiyar da ke hannunsa, bai ɗago ba.

Haka Rifkatu ta riƙa zuwa da kularta, har wata rana ta tarar da mutanen kangon tsaye cirko-cirko. Mai ginin ya zo. Ba mugun mutum ba ne, ya ma ba su haƙuri, amma ya sayi kwano zai rufe gidansa kafin ruwa ya lalata bulon, don haka su nemi wuri. Fada Istifanus ya buɗe tsohon gidan malamin katikisma da ke bayan coci, iyalai uku suka shiga. Kwamitin wani masallaci a Mabera ya ɗauki wasu. Da aka zo kan Illo, ya ce shi dai ba zai kwana a harabar coci ba, ya gode, zai nemi wani kangon.

"Da wannan cikin?" Rifkatu ta ce. "Baba, yarinyar nan ba ta da wata guda a gaba. To ga wata magana. Ina da ɗakuna biyu a kulle, ɓeraye ne kawai ke morarsu. Gidana ne, ba na coci ba."

"Ina zan riƙa salla?"

"Masallaci na ƙofar gidana. Liman maƙwabcina ne, shi ke tashina da asuba ko ina so ko ba na so."

Sakinatu ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Wannan ne karo na farko da Rifkatu ta ga haƙoranta.

Kafin su iso ta share ɗakunan, ta shimfiɗa tabarmi. A ɗakin babban ɗanta akwai gicciyen katako a bango tun yana sakandare. Ta daɗe a tsaye tana kallonsa, sannan ta hau kujera ta sauke shi, ta goge shi da bakin zane, ta kai ɗakinta ta rataye kusa da hoton mijinta. Ta sayo sabuwar buta ta ajiye a bakin ƙofa.

Hajiya Dijatu ta leƙo ta kan katanga.

"Rifkatu, baƙi munka yi?"

"Baƙi kuka yi, Hajiya. Ni abincinsu ne nawa. Sauran duk naku ne, ke da Malam."

Haka kuwa aka yi. Ba a yi mako ba Illo ya zama ɗan zauren Malam Junaidu. Da hantsi in Malam na ba manya karatun littattafai, yana gefe da igiyarsa yana saurare. Sakinatu kuma ta fara cika, kumburin ya sauka, ta shiga kiran Rifkatu da Inna. Ba ta iya zama haka nan. In an hana ta daka sai ta koma tsintar shinkafa, in an ƙwace faifan sai ta kama wanke-wanke. Wani lokaci dai Rifkatu kan same ta ta tsaya cak da kwano a hannu, ta ƙura wa ƙofar gida ido.

Wata ranar Laraba Fada Istifanus ya zo duba su. Dogo ne, mutumin kudancin Kaduna, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma ƙasa da Illo, suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Sannan ya ce akwai wata Sista ta cocinsu a Maraɗi da suka saba magana, ƙungiyarsu na raba abinci a sansanonin da mutanen Sabon Birni suka sauka a tsallaken iyaka. In an ba ta suna da ƙauye, za ta sa a tambaya.

"To Baba, mene ne sunan ɗan naka?"

Illo ya gyara zama, ya yi tari.

"Yaron dai. Dogo na, baƙi, da tabon lauje ga hannun hagu."

"Na ji. Sunansa fa?"

"Kowa ya san shi Tungar Maje."

Fada ya dubi Rifkatu. Ita ta riga ta gane: ɗan fari ne, kuma tsoho irin Illo ba zai kama sunan ɗan farinsa ba ko da me. Ta juya wajen Sakinatu da ke raɓe a bakin ƙofa.

"Ke faɗa mana."

Sakinatu ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Sunan miji a gaban surukinta, ga baƙo namiji? Ta shige ɗaki.

"Ikon Allah," in ji Fada yana dariya. "Mutum biyu na nemansa, kuma ba mai iya faɗin sunansa."

Rifkatu ta je katanga ta ƙwala wa Hajiya Dijatu kira. Hajiya ta zagayo, ta ji abin da ake ciki, ta shiga ɗakin ta zauna kusa da yarinyar. Daga tsakar gida suna jiyo muryarta.

"Ɗiyata, ba sai kin hwaɗi ba. Sunan Annabi na? A'a. Na sahabi? To. Cikin halihwohi huɗu? A'a. Dangin Manzo na? Madalla. Abbas? Ja'afaru? Hamza?"

Sai ga Hajiya ta fito tana gyara ɗankwali.

"Hamza na. Ta sunkuyar da kai har ƙasa."

Illo ya ci gaba da tufkarsa kamar ba da shi ake ba.

Fada ya ce suna kaɗai ba zai isa ba, Hamza na da yawa. Gara tsohon ya yi magana a waya a naɗi muryarsa, Sista ta riƙa kunna wa mutane a wurin rabon abinci. Wanda ya san muryar zai tsaya. Rifkatu ta danna wayarta ta kara masa a baki. Illo ya ajiye igiya, ya gyara hula, ya yi sallama cikakkiya kamar mai shiga fada.

"Ni na Illo na Tungar Maje, ɗan Bawa Mai Shanu. Ina gaida duk wanda ka jin maganag ga, da hwatan kun sauka lahiya. Ina gaida mai garinmu in shina nan. Ina cigiyar yaron wajena. In shina raye, a hwaɗa mai muna Sakkwato, Gidan Dare, ni da iyalinai, gidan wata baiwar Allah da aka ce ma Rifkatu. Muna ci muna sha. Kada shi koma gari neman mu, ba kowa can. In kuma Allah ya yi ikonai, wanda ya sani shi hwaɗa muna gaskiya, mu san irin addu'ad da za mu yi."

Ya ture wayar da bayan hannu, ya tashi ya fita zaure.

Saƙon ya tafi, aka shiga jira. Duk Lahadi bayan sujada Rifkatu kan dubi Fada, shi kuma ya girgiza kai. A gida ba ta ɗaga maganar.

Naƙuda ta zo wata safiya da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rifkatu ta riga ta shirya jaka, niyyarta asibiti za su, don ba ta son wasa da haihuwar fari. Ta kira mai keken da suka saba, ya ce ruwa ya cika layinsu har gwiwa, ba ya iya shigowa. Ta duba Sakinatu, ta ga ko ya iya shigowa ma an makara. Ta ɗora ruwa a wuta, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta buga katanga da muciya.

Hajiya Dijatu ta shigo a jiƙe sharkaf, ta zauna ta rungume yarinyar ta baya tana tofa mata addu'a. Rifkatu na durƙushe a gaba, tana ba da umarni da muryar da ta yi shekaru ba ta yi amfani da ita ba, a tsakani kuma leɓɓanta na motsi da nata roƙon. Ba wadda ta ce wa wata ta yi shiru. Sakinatu ba ta yi kuka ba, sai cije leɓe da damƙar hannun Hajiya. Kafin azahar jaririya ta faɗo, ta tsanyara kukan da ya fi ƙarar ruwan a kan kwano.

Rifkatu ta yanke cibiya, ta goge ta, ta naɗe ta a sabon zanen da ta daɗe da ajiyewa a akwati ba ta san wa take ajiye wa ba. Ta kai ta zaure, inda Illo ke tsugune tare da Malam Junaidu. Malam ya karɓe ta ya yi mata kiran salla a kunne, ya miƙa wa kakan. Illo ya daɗe yana kallon fuskar.

"Goshin ubanta," ya ce.

Da ruwa ya janye washegari, Rifkatu ta kai su asibiti aka duba uwa da 'ya, aka yi allurar rigakafi. Daga nan gidan ya koma gidan jego. Hajiya ta karɓi aikin wankan ganye safe da yamma, Rifkatu ta karɓi kunun kanwa da farfesu, suna yi suna gardama kan wace ce ta fi sanin abin da mai jego ke so.

Abin da ya dami Illo shi ne ragon suna. Bai faɗa ba, amma Rifkatu ta ga ya rage cin abinci, ta kuma ji yana tambayar wani ko ana ɗaukar tsofaffi gadi a kasuwa. Ta kai maganar coci. Ƙungiyar maza ta ce wannan nasu ne. Ana jibi suna sai ga Fada Istifanus da kansa a ƙofar gida, yana jan farin rago mai baƙin wuya, ragon na turjewa, rigar Fada duk ta ɓaci da taɓo.

Illo ya fito ya tsaya. Ya dubi ragon, ya dubi Fada, sannan ya juya wajen Malam Junaidu da ke zaune a kan buzunsa.

"Malam, ina da tambaya, kuma Hwada shi yi haƙuri. Ragon da anka saya da kuɗɗin coci, shina yi ma ɗiyar Musulmi suna?"

Malam ya rufe littafin da ke gabansa.

"In ya ba ka kyauta ka karɓa, ya zama dukiyarka. Kai ka yanka abinka da sunan Allah. Manzon Allah ya karɓi kyautar waɗanda ba Musulmi ba, kuma ya yi musu. Ba ka hi shi tsantseni ba, Illo."

Fada ya miƙa igiyar da hannu biyu.

"Baba, na ba ka, halak malak."

Illo ya karɓa. Ya durƙusa ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya shafa ƙugunsa, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya duba kofato.

"Wa ya zaɓo shi?"

"Ni ne."

"To ka iya. Gidanku ana kiwo?"

"Awaki na yi kiwo har na shiga makaranta."

"Shi ya sa," in ji Illo. Ya sa aka kawo wa Fada ruwa, ya matsa masa a kan tabarmarsa.

Ana gobe suna da la'asar, Rifkatu na tsakar gida tana yankan albasa tare da matan zumunta biyu na cocinsu, wayarta ta yi ƙara. Lambar ba ta Nijeriya ba ce. Wata mace ta yi magana da Hausar da ta gauraya da Faransanci, ta ce ita ce Sista daga Maraɗi. Ta ce sun kunna muryar tsohon a wurare da yawa ba wanda ya tanka, sai a wani ƙauye wata tsohuwa ta ce ta san shi, ɗansa kuma yana Ƙonni yana dakon albasa. Sun aika an nemo shi. Ga shi nan kusa da ita.

Rifkatu ba ta san sanda ta yar da wuƙar ba. Ta ruga zaure ba takalmi, ta danna wayar yadda kowa zai ji, ta ɗora a tafin Illo.

"Baba?" in ji wata murya. "Baba, ku na?"

Illo ya matso da wayar kusa da bakinsa.

"Shanun hwa?"

"Sun tahi da su, Baba. Dut biyun."

"To. Ba komi." Wayar ta nemi faɗuwa, Malam Junaidu ya tallafe ta. "Kai lahiya kake?"

"Lahiya lau. An ce mani ba wanda ya hita daga gari. Na yi ta..."

"Bari wannan. Allah ya ba ka ɗiya mace. Gobe suna."

Kukan da namiji ya fashe da shi a wayar har tsakar gida an ji. Rifkatu ta karɓi wayar ta kai ɗakin mai jego. Sakinatu na tsaye a bayan ƙofa da jaririya a kafaɗa, ta riga ta ji komai. Rifkatu ta ajiye mata wayar a kan katifa, ta fito ta ja musu ƙofa. Ta koma kan albasarta, matan zumunta na ta share ido, kowace na cewa albasar nan da yaji take.

Da yamma kafin magariba Illo ya yi sallama a ƙofar ɗakinta, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsuguna daga waje.

"Yaron ya bar mani zaɓin suna. Na tambayi Malam, ya ce sunanki na cikin littahi, matar Annabi Isiyaku ta, uwar Annabi Yaƙubu. Ya ce ba laihi. Shi nika son a sa."

Rifkatu ta murza bakin zanenta.

"Baba, na gode, har raina na ji daɗi. Amma yarinyar nan wata rana za ta koma Tungar Maje. Za ta shiga makarantar allo, a yi ta tambayarta inda ta samo suna. Kada mu ɗora mata bayani tun ba ta yi baki ba. Ina uwar Hamza?"

"Ta rasu bara waccan. Mariyatu."

"To ga suna nan."

Ya gyaɗa kai a hankali.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida har bakin masallaci. Mutanen unguwa suka fito, mutanen kangayen Mabera suka zo da ƙafa, mazan coci suka zo a bayan Fada. Aka raba goro da dabino. Malam Junaidu ya raɗa suna, aka shafa fatiha, Illo ya kwantar da ragonsa ya yanka da hannunsa. Fada na zaune a tsakanin wani mahauci da wani malamin makaranta, ana ta gardamar ko ruwan bana zai kai na bara.

A cikin gida kuwa matan zumunta sun zo da ankonsu, sun kafa tukwane uku. Hajiya Dijatu da 'yan'uwanta suka kama tuyar masa. Da rana ta yi sama aka rasa gane wace ce ta wane gida, kowa hannunta da maiƙo. Sakinatu ta yi kwalliya da atamfar da Hajiya ta ba ta, tana zaune ana ta miƙa jaririya daga cinya zuwa cinya. Da yake sunan surukarta aka sa, ita ma ba ta iya kama shi, sai ta ce Inna ƙarama. Nan take sunan ya bi gidan.

Hamza ya iso bayan mako biyu ta hanyar Illela, a bayan motar albasa. Dogo ne baƙi kamar yadda ubansa ya ce, ya rame har wuya ya fito. Ya zube a gaban Rifkatu zai yi godiya, ta ce ya tashi ya je ya yi wanka tukuna, warin albasa zai sa 'yarsa atishawa. Wani ƙanen Malam Junaidu na da gonar shinkafa a fadamar Rima, yana neman wanda ya san aikin. Aka haɗa su. Kafin kaka ta shigo Hamza ya kama ɗaki biyu a Mabera, ƙungiyar agaji ta ba su katifa da tukwane, Hajiya ta ƙara da labule.

Ranar da suka tashi Rifkatu ta raka su har bakin titi, ta dawo ta zauna a gindin lemun tsami. Gidan ya yi mata faɗi. Da ɗanta na Abuja ya kira, ya sake kawo maganar da ya saba, ta tattara ta koma wurinsu ta huta, ta ce masa za ta yi tunani.

Ba ta samu lokacin tunanin ba. Sakinatu ta fara sana'ar ƙuli-ƙuli da injin niƙan da ke bayan coci, wanda ƙungiyar ta saya don matan da suka yi gudun hijira. Duk ranar da za ta niƙa, sai ta biyo ta Gidan Dare ta sauke Inna ƙarama. Illo ma bai daina zuwa karatun Malam ba, yakan tako da sandarsa tun da safe, ya leƙo ya gaida Rifkatu, ya yi mata faɗan ta bar kaji na shiga rumbun hatsin ƙungiya.

Wata Alhamis man gyaɗa ya ƙare mata, ga yarinya ta ƙi kwanciya, haƙori na tsiro mata. Rifkatu ta sunkuya ta goya ta, ta ɗaure da majanyi, ta kulle gida ta fita. Bayanta ya manta nauyin goyo, tana tafe tana ɗan dafa ƙugu. Kafin su kai bakin titi kukan ya tsaya, ta ji ɗumin kumatu a tsakanin kafaɗunta.

Mai man gyaɗar sabuwa ce a wurin, ba ta san ta ba. Tana zuba mai a kwalba ta leƙa bayan Rifkatu.

"Tubarkalla. Jikarki ta?"

"Jikata ce."

"Ta ɗauko ki kuwa. Ga hancin nan."

"Haka kowa ke cewa," in ji Rifkatu. Ta karɓi kwalbarta, ta gyara goyon, ta bi gefen inuwa zuwa gida.